Shin Kirista Zai Iya Tabbata Ya Sami Ceto, Alhali An Ce Ya Gwada Kansa?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar sayar da hatsi ya aiko da tambaya. Ya ce an haife shi a gidan Kirista, an yi masa baftisma tun yana saurayi, kuma ya daɗe cikin ƙungiyar mawaƙa ta ikkilisiyarsu, amma ba ya iya tuna wata rana takamaimiya da zai ce a ita ce ya karɓi Almasihu. Ya sha fita gaba a tarurrukan farkawa don karɓar Almasihu, sai hankalinsa ya kwanta na ɗan lokaci, daga baya shakka ta dawo. Tun da ya ji wa'azi a kan 2 Korintiyawa 13:5, inda aka ce mu gwada kanmu, ya daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada don tunawa da mutuwar Almasihu, don tsoron jawo wa kansa hukunci. Ga kuma maƙwabcinsa a kasuwa yana ce masa girman kai ne mutum ya ce ya san makomarsa. Yana tambaya: shin Kirista zai iya tabbata ya sami ceto, in kuwa zai iya, me ya sa aka umarce shi ya gwada kansa?

Ɗan'uwana cikin Almasihu, alheri da salama su tabbata gare ka. Babu fasto ko dattijon ikkilisiya da zai iya rubuta maka takardar shaidar ceto, domin Ubangiji ne ya san waɗanda suke nasa, kamar yadda 2 Timoti 2:19 ta faɗa. Abin da zan iya yi shi ne in nuna maka inda Littafi Mai Tsarki ya ajiye tabbacin, domin na lura kana nemansa ruwa a jallo a wurin da ba a ajiye shi ba. Amsar a taƙaice ita ce, Kirista zai iya tabbata, kuma an umarce shi ya gwada kansa, kuma waɗannan biyun ba sa karo da juna muddin an bi su a jere. Alkawarin Allah cikin Almasihu shi ne tushe, binciken kai kuwa yana zuwa a bayansa a matsayin mai ba da shaida. Wanda ya juya wannan jeri, ya fara da tonon zuciyarsa yana neman abin da zai tsaya a kai, zai ƙare a ɗayan wurare biyu: ko ya ga ɗan abin kirki ya kumbura, ko ya ga ƙazanta ya fid da rai.

Mu fara da ayar da ta tsinka maka zuciya, mu karanta ta a mazauninta. A sura ta 13 ta wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa, Manzo Bulus yana magana ne da mutanen da suka sa shi a gaba suna neman hujjar cewa Almasihu na magana ta bakinsa, kamar yadda aya ta 3 ta nuna. Wasu malamai sun shigo ikkilisiyar suna rena shi, suna cewa wasiƙunsa ne kawai masu nauyi, amma in an gan shi ido da ido ba shi da kwarjini. Sai ya mayar musu da tambayar: ku da kuke auna ni, ku auna kanku, ashe, ba ku gane Yesu Almasihu yana cikinku ba? Hujjarsa ita ce, in Almasihu yana cikinsu, to ta wa'azin wa ya shigo, in ba na Bulus ɗin da suke tuhuma ba? Amsar da yake sa rai su bayar ita ce lalle Almasihu yana cikinsu, ko da yake ya bar ƙofa a buɗe cewa wasu za su iya kāsa a gwajin. A farkon wasiƙar ya kira su ikkilisiyar Allah, a ƙarshenta ya kira su 'yan'uwa. Ayar gargaɗi ce ta gaske, amma an aika ta ga masu taurin kai da suke binciken kowa ban da kansu. Tambayar da ta ɗora a gabanka kuma guda ce: Almasihu yana cikinka? Ba ta tambayi ko ka kai kamala ba.

Batun Jibin Ubangiji ya fi damuna, domin a nan ne kake cutar kanka. Ayar da ake karantawa kafin a raba gurasa, wato 1 Korintiyawa 11:28, tana cewa kowa ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Gwajin hanya ce zuwa ga ci. Laifin da Bulus yake tsawatarwa a kai kuma an bayyana shi filla-filla daga aya ta 17 zuwa ta 22. A Korinti ana haɗa Jibin ne da cin abinci tare, sai masu hali su riga zuwa su cinye nasu, wani har ya bugu, matalauta kuwa su iso su tarar da wayam, su zauna da yunwa da kunya a cikin taron da ake kira na 'yan'uwa. Wannan wulakanta jikin Almasihu shi ne cin da bai dace ba, shi ya sa maganin da Bulus ya bayar a aya ta 33 shi ne su riƙa jiran juna. Na sha ganin abin da kake yi daga inda nake tsayawa: faranti ya iso kan benci, mutum ya sunkuyar da kai, ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya ɗauka ba, ya ci gaba da motsa leɓe kamar mai addu'a don kada a lura. Sau da yawa mai yin haka shi ne wanda lamirinsa ya fi na kowa rai a wannan benci, alhali wanda ya shekara ba ya gaisawa da ƙaninsa saboda rikicin gona yana miƙa hannu ba ko ɗar. Idan akwai wanda ka zalunta, Matiyu 5:23-24 ta gaya maka abin yi: je ka ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo. Idan kuwa abin da ya hana ka shi ne kawai jin cewa kai mai zunubi ne, ka sani saboda masu zunubi aka kafa teburin.

Yanzu ga tushen. Yohanna ya faɗi dalilin rubuta wasiƙarsa ta fari a sura ta 5 aya ta 13, cewa ya rubuta wa masu gaskatawa da sunan Ɗan Allah domin su san suna da rai madawwami. Ayoyi biyu da suka gabace ta sun nuna inda ran yake: Allah ya ba mu rai madawwami, ran kuwa yana cikin Ɗansa, wanda yake da Ɗan yana da rai. Yesu da bakinsa ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan, a Yohanna 6:37, kuma a sura ta 10 ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Romawa 8:1 ta ce yanzu babu hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu. Duk waɗannan maganganu suna dogara ne ga amincin wanda ya faɗe su da kuma aikin da ya gama a kan gicciye, ba sa ƙaruwa ranar da ka yi addu'a da hawaye, ba sa raguwa ranar da ka tashi zuciyarka a bushe.

Wannan ne kuma amsar maƙwabcinka, kuma ina so ka amsa masa da ladabi, domin maganarsa ba ta wauta ba ce. A ƙasarmu mun taso muna jin addu'ar Allah ya sa mu cika da imani, kuma kunnen Bahaushe yana jin duk wani iƙirarin sanin makoma kamar shisshigi ne cikin abin da Allah ya bar wa kansa. Da a ce ceto lada ne na aikin mutum, da gaskiyarsa, domin ba wanda zai auna aikinsa ya ce ya isa. Amma Kirista da ya ce ya tabbata, ba kansa yake yabo ba. Yana cewa ne Allah ya yi alkawari kuma ba ya ƙarya, kuma Afisawa 2:8-9 ta riga ta toshe ƙofar fahariya da ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba. A misalin da Yesu ya bayar a Luka 18, mai girman kan shi ne Bafarisin da ya lissafa azuminsa da zakkarsa, wanda ya koma gida barattacce kuwa shi ne mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai.

Ya kamata ka san cewa ikkilisiyoyi ba su yi magana da murya ɗaya a kan wannan ba. Majalisar Katolika da ta zauna a Tirento ta ƙasar Italiya ta zartar a 1547 cewa ba wanda zai iya sani, da tabbacin da ba ya kuskure, cewa zai jure har ƙarshe, sai in Allah ya yi masa wahayi na musamman. Abin da ta koyar shi ne bege mai ƙarfi ga jinƙan Allah. Ikirarin bangaskiya na Wesminista, wanda aka kammala a Landan a 1646, ya keɓe sura ta 18 ga wannan batu, ya ce tabbaci yana yiwuwa kuma yana tsaye a kan abu uku: gaskiyar alkawuran Allah, alamun alheri a cikin mutum, da shaidar Ruhu Mai Tsarki da Romawa 8:16 ta ambata. Jon Wesli, wanda Metodis suka fito daga hidimarsa, ya sami nasa tabbacin ranar 24 ga Mayu 1738 a wani ƙaramin taro a Landan, ya kuma koyar da cewa mutum zai iya sanin an gafarta masa a yau, ko da yake a ganinsa mai bi zai iya juya baya daga baya. Ni ina tare da Wesminista, musamman a wani wuri da ya shafe ka kai tsaye, inda ya ce mai bi na gaske zai iya daɗewa yana fama kafin ya sami tabbaci, kuma tabbacin zai iya girgiza ko ya dushe ba tare da an rasa ceton ba. Samun ceto daban, sanin an same shi daban.

Game da rashin tuna rana, kada ya hana ka barci. Da yawa daga cikin kakanninmu ba su san ranar da aka haife su ba, sai dai su ce shekarar fāra ko shekarar da aka naɗa sarki wane, amma ba wanda ya taɓa shakkar an haife su, tunda ga su suna numfashi suna cin tuwo. Bulus yana da ranar da ya sadu da Almasihu a hanyar Dimashƙu. Timoti abokin hidimarsa kuwa ya san Littattafai tun yana jariri a hannun uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis, kuma ba a ba mu labarin wata rana tasa ba. Abin tambaya shi ne wa kake dogara gare shi a yau. Fita gaba sau da sau kuma ba laifi ba ne, sai dai tufka da warwara ce, domin kowace fita tana koya wa zuciyarka cewa ta baya ba ta karɓu ba. Mai bi da ya faɗi yana bukatar 1 Yohanna 1:9, wato ya furta zunubinsa ga mai aminci da adalci wanda zai gafarta. Yesu ya gaya wa Bitrus a Yohanna 13:10 cewa wanda ya yi wanka ƙafafunsa kawai yake bukatar wankewa.

Kada ka ɗauka ina rufe maganar gwaji ne. Akwai tabbacin ƙarya, kuma ya yi yawa a cikinmu, musamman mu da muka gaji bangaskiya daga iyaye. Katin baftisma, da rigar mawaƙa, da sunan mahaifi a jerin waɗanda suka gina majami'a, ba ɗayansu da yake ceto. A Matiyu 7:21-23 waɗanda Yesu ya ce bai taɓa saninsu ba mutane ne da suka yi annabci, suka fitar da aljanu, suka zo ranar shari'a da ƙarfin gwiwa suna lissafa ayyukansu. Saboda haka gwajin ya zama dole, kuma wasiƙar Yohanna ta fari ta ba mu ma'auninsa: ko mutum ya gaskata Yesu shi ne Almasihu da ya zo cikin jiki, ko yana kiyaye umarnansa, ko yana ƙaunar 'yan'uwa. Aya ta 9 ta sura ta 3, wadda ta ce haifaffe daga Allah ba ya zunubi, tana firgita mutane, amma marubucin nan shi ne ya ce a sura ta 1 duk wanda ya ce ba shi da zunubi yana ruɗin kansa, ya kuma ce a farkon sura ta 2 in wani ya yi zunubi muna da Mai taimako wurin Uba. Ashe, abin da yake nufi shi ne zaman lafiya da zunubi, a mai da shi gida. Haifaffe daga Allah yana faɗuwa, amma ba ya iya shimfiɗa tabarma a inda ya faɗi.

Tunda hatsi kake sayarwa, ga yadda gwajin zai kasance a rumfarka. Mudun da kake saye da shi a hannun manomi, shi ne wanda kake auna wa mai saye da shi? In mace ta zo da kuɗin rabin tiya kana sane marayu take riƙo, me hannunka yake yi? Buhun da ƙwari suka fara ci, kana faɗa ko kana zuba mai kyau a sama? Yaron shagonka yana samun haƙƙinsa a kan lokaci? In ka yi algus jiya, yau ka kwana lafiya ko abin ya tsaya maka a rai har sai ka gyara? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma in amsar ta fito da muni akwai abin yi a kai gobe da safe. Tambayar da kake yi wa kanka da tsakar dare, wato ko tubanka ya kai zurfin da ake bukata, ba ta da ƙasa, domin ba wanda ya taɓa tuba har ya ce ya isa. Martin Luta ya gwada wannan hanya sa'ad da yake ɗan zuhudu a Jamus bayan 1505, yana ɗaukar sa'o'i yana furta zunubansa, ya fita ya tuna wani ya koma, har shugabansa Yohan Staupitz ya riƙa juya shi daga kallon kansa zuwa kallon raunukan Almasihu.

Ka kuma auna da shekaru, kada ka auna da kwanaki. Ɗiyan Ruhu da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa ba sa nuna kansu cikin mako guda. Tambayi matarka ko fushinka na bana daidai yake da na shekara biyar da suka wuce, domin ta fi ka gani. Bulus kansa ya ce a 1 Korintiyawa 4:3-4 ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne mai shari'anta shi, Yohanna kuma ya ce in zuciyarmu ta ba mu laifi, Allah ya fi zuciyarmu girma. Shi ya sa Dawuda a ƙarshen Zabura 139 bai ce zai bincike kansa shi kaɗai ba, ya roƙi Allah ne ya bincike shi ya bishe shi. Ka ware wa binciken lokaci, ko daren Asabar kafin sujada, ka fara shi da wannan addu'a, ka ambaci abin da ya fito da sunansa, ka roƙi gafara, ka tashi. Binciken da ba shi da lokacin tashi ya zama azabtar da kai.

Akwai alamar da za ka rarrabe muryar Ruhu da ta mai ƙara, wato Shaiɗan, wanda Wahayin Yohanna 12:10 ta ce yana ƙarar 'yan'uwa dare da rana. Ruhu yana nuna laifi takamaimai, ya kuma nuna ƙofar komawa. Mai ƙara yana lulluɓe ka da baƙin ciki marar suna, yana cewa kai gaba ɗaya munafuki ne, ba amfanin zuwa. A 2 Korintiyawa 7:10 an bambanta baƙin ciki irin na Allah mai kai ga tuba da na duniya mai kai ga mutuwa. Bitrus da Yahuza duk sun ci amanar Ubangijinsu a dare guda, duk sun yi nadama, amma Bitrus ya faɗa ruwa yana iyo zuwa wurin Yesu a bakin tekun Galili bayan tashinsa daga matattu, Yahuza kuwa ya tafi shi kaɗai.

Ba ka ambaci saɓon Ruhu Mai Tsarki ba, wato zunubin da Yesu ya ce ba a gafartawa, amma masu irin damuwarka kusan kullum can suke ƙarewa, tare da Ibraniyawa sura ta 6 da ta 10. A Markus 3:28-30 an faɗi wannan magana ne ga malaman Attaura da suka ga ikon Allah da idonsu suka ce na Ba'alzabul sarkin aljanu ne, da gangan, ba tare da wata damuwa ba. Ibraniyawa kuma tana gargaɗin masu shirin barin Almasihu ɗungum su koma inda suka fito, kuma nan take a 6:9 marubucin ya ce yana da tabbacin abubuwa mafi kyau game da masu karatunsa. Jon Banyan, mai wa'azin Ingila da ya yi shekara goma sha biyu a kurkukun Bedfod, ya ba da labari a littafin tarihin ransa na 1666 yadda ya daɗe yana ganin ya sayar da Almasihu kamar yadda Isuwa ya sayar da gādonsa, har wata rana yana tafiya a fili ya gane cewa adalcinsa yana sama, wato Almasihu ne kansa, wanda halin zuciyar Banyan ba ya ƙara masa kyau ko ya rage. Wanda ya taurare har ya kai ga wancan saɓo ba ya kwana yana kukan ko ya rasa Yesu.

Abu na ƙarshe ya shafi jiki. Idan shakkar tana zuwa tare da rashin barci, da ƙin abinci, da munanan tunani game da Allah da suke faɗo maka ba da sonka ba, ko tunanin kashe kanka, to ka ga likita ba tare da jinkiri ba, domin ciwon damuwa cuta ce da ake magani, kuma zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Sa'ad da Iliya ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace a 1 Sarakuna 19, abin da aka fara ba shi shi ne abinci da ruwa da barci, magana ta biyo baya. Ko da wannan ko babu, ka daina ɗaukar kayan nan kai kaɗai. Ka sami fastonku ko wani dattijo mai riƙe sirri a cikin makon nan, ka gaya masa abin da ka gaya mini, ku zauna ku karanta wasiƙar Yohanna ta fari gaba ɗayanta a zama guda. Sura biyar ce, aya 105, ba za ta ɗauke ku rabin sa'a ba, kuma duk inda wata aya ta tsaya maka, ku tsaya a kanta ku karanta abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta kafin ku wuce.